Jar fitila ta kama amma Sonic ya ƙi fitowa: daga ina ake fara dubawa?

Na Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga Mega Drive tsohuwa, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sega, mai faɗin nan mai ramin abin sauraro a gaba, ga kaset ɗin Sonic na farko, na 1991. An jona, an kunna, jar fitila ta kama, tele kuwa baƙi ƙirin, ko muryar nan mai cewa "Sega" babu. Waɗanda suka saba buɗe irin wannan na'ura, kowa ya faɗi abin da ya fi tararwa da yadda yake bi, kafin a ce ta mutu a jefar.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa turnabis tukuna. Fara da adafta, don fitilar nan ba shaida ba ce, wuta kaɗan ma tana kunna ta. Mega Drive ta farko tana son volt 9 zuwa 10 na DC, amfiya 1.2, kuma tsakiyar bakin filogin negatif ne. Ta biyu, ƙaramar mai kusurwa huɗu, volt 10 ne da amfiya 0.85, bakinta siriri, tsakiyarsa pozitif. Sun saɓa wa juna ke nan. Da adaftar asali ba a cika yin kuskure ba tunda bakin ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, amma irin ta kasuwa mai bakuna da yawa da ake canzawa ita ke kashe su, domin mutum na iya juya bakin bai sani ba.

Sa mita a kai. Tsohuwar adafta mai nauyi in ba a jona mata komai ba tana iya nuna 13 ko 14, wannan ba laifi ba ne, haka ƙirarta take. Abin dubawa shi ne lokacin da na'urar ke kunne. A ciki akwai regilata mai ƙafa uku, lambarta 7805, ta farko tana da biyu, ta biyu tana da ɗaya. Ƙafar shiga ta nuna sama da 7, ƙafar fita ta nuna 5 cif. In ta shiga ta faɗo ƙasa da 7, adafta ce ta gaji ko amfiyarta bai kai ba, sai ka ga fitila a kunne amma kwakwalwar ba ta tashi ba.

Abu biyu da ba a yi. Adaftar tsohuwar Nintendo NES tana shiga ramin ta farko daidai, amma AC take fitarwa, kada a gwada. Na biyu, in na'urar daga Amurka ta zo, sunanta Genesis, adaftarta ta volt 120 ce, kuran ɗinmu kuwa 220 ne. Daƙiƙa kaɗan za ka ji ƙauri.

Ɗan Gulbi:
Maigida ya faɗi gaskiya, amma a abin da ke zuwa hannu nan garin, ƙura ta fi adafta laifi nesa ba kusa ba. Na'urar da ta sha hunturu ashirin a kan kabad, ramin kaset a buɗe, me ake jira?

Kaset ɗin yana da haƙora 64, talatin da biyu kowane gefe. Guda ɗaya ya ƙi haɗuwa, wasa ba zai tashi ba. A samo alkol mai digiri 90 a farmasi, mai 70 ruwa ya yi masa yawa. A jiƙa audugar kunne, a goge haƙoran gefe ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a juya a goge ɗayan. Audugar farko za ta fito baƙa. A ci gaba da sabuwa har ta fito fara, yawanci uku zuwa biyar. A bar shi minti biyar ya bushe.

Ramin na'urar kuma, a naɗe tsohon kati mai kaurin kaset da farin ƙyalle marar zare-zare, a ɗiga alkol, a tura a zaro a miƙe kamar sau goma. Sama da ƙasa kawai. In aka ja shi gefe da gefe sai ƙyallen ya kama haƙori ya lanƙwasa, gyaran wannan ya fi na ƙura wuya.

Hura iska da baki da muka taso muna yi, ba ita ke tada wasan ba. Cirewa da mayarwar ce ke kankare dattin, tururin bakin kuma tsatsa yake bari, kore-koren nan da ake gani a haƙora.

Ƙanin Kowa:
Yaya Ɗan Gulbi, fetur fa? Wasu da shi suke wankewa. Wasu kuma takardar yashi suke sawa.

Ɗan Gulbi:
Ƙanena, duka biyun a'a. Fetur yana cin roba kuma yana barin maiƙo da ke kama ƙura. Takardar yashi tana cire ruwan zinaren da ke kan haƙoran, ranar zai yi aiki, bayan damina ɗaya tagullar da ta fito fili ta yi tsatsa. In datti ya kafe har alkol ya kasa, a buɗe kaset a goge da farin gom na 'yan lakkol, sannan a bi da alkol. Sukurun bayan kaset ɗin Sega ba na turnabis ɗin gida ba ne, kansa kamar tauraro yake, sai da makulli na musamman mai milimita 4.5. Ita na'urar kanta turnabis mai kuros yana buɗe ta.

Alhaji Mai Tele:
Ku bari in ƙara abin da ke rage wahala: allon kansa yana faɗin inda ciwon yake, in an san karatunsa.

Yawancin na'urorin da aka yi bayan 1990 suna fara nuna farin rubutu a kan baƙi, mai cewa an yi wasan da izinin Sega. In wannan rubutun ya fito sannan komai ya tsaya, wuta lafiya, wayar tele lafiya, na'urar ta karanta farkon kaset ta kasa sauran. A koma wanki. In allo ya yi ja gaba ɗaya, Sonic ne da kansa ya lissafa abin da ke cikin kaset ya ga bai cika ba, shi ma datti ne ko haƙori da ya tsage, wani lokaci kuma kaset ɗin jabu ne da ya fara lalacewa. In babu rubutu, babu ja, babu komai, to ko dai ba ta ga kaset ba sam, ko tele ne bai karɓi hoton ba.

Ga dabarar raba gardama a na'ura ta farko. Sa abin sauraro a ramin gaba, ɗaga maɓallin ƙara da ke kusa da shi. In ka ji "Sega" da kiɗan buɗewa, na'urarka da ranta, matsalar tana tsakanin waya da tele. Wayar ta farko bakinta babba ne mai ƙafa 8, ta biyu ƙarami mai ƙafa 9, ba sa musanya. Waɗanda aka sayar a Faransa kuma da wayar peritel suke zuwa, mai faffaɗan kai, irin waɗannan a nemi tele mai ramin peritel. Mai amfani da wayar eriya ya sa tele ya nemi tasha ta analog, ta Turai tana wajen tasha 36 a UHF, ta Amurka 3 ko 4.

Mai Gyara na Sabon Gari:
Alhaji, ranka ya daɗe, a ƙara da hoto baƙi da fari. Kullum sai an kawo na'ura an ce launinta ya mutu, alhali Genesis ce ko ta Japan mai fitar da NTSC, tele ɗin kuma PAL da SECAM kawai ya sani. A shiga menu a mayar da tsarin launi kan oto ko NTSC. In tele ba shi da wannan, babu abin da dalma za ta yi, sai dai wani tele.

Ɗan Zariya:
Kafin duk wannan ma a tabbata Sega ce. Da yawa daga abin da aka shigo da shi kasuwanninmu da na Kano da Katsina, jikin Mega Drive ne, har da rubutun 16-BIT, amma cikinsa Nintendo ce mai bit 8 ta kwaikwayo. Alamarta ƙaramin kaset mai haƙora 60, sau da yawa rawaya, an rubuta wasa dubu kaza a jiki. Akwai bushiya mai shuɗin jiki a ciki, amma ba wasan Sega ba ne, kuma kaset ɗin Sega ba zai taɓa zama a raminta ba. Kada a danna da ƙarfi.

Sai maganar yanki. Sonic 1 da Sonic 2 na 1992 ba su da kulle, kowace na'ura suka shiga za su tashi. Sonic 3 na 1994 yana da shi: kaset ɗin Amurka a na'urar Turai zai fito da rubutu cewa ba don wannan na'ura aka yi shi ba, ya tsaya nan. Wanki ba ya maganin wannan.

Sonic & Knuckles kuma rami biyu ne abin wankewa, domin yana da murfi a sama inda ake ɗora wani kaset. In ka ɗora Sonic 3 ko Sonic 2 sai ga allon nan mai cewa "No Way", ramin saman ne ko haƙoran wanda aka ɗora suka yi datti, bai gane shi ba.

Na Bagalam:
Madalla. To wadda take tashi lafiya, a yi minti ashirin ana wasa a matakin Green Hill ko Marble, sai ta daskare ko ta koma farko da kanta?

Mai Gyara na Sabon Gari:
Wannan uku ne. Na ɗaya, ramin adafta. Dalmar da ke riƙe shi a allo tana tsagewa saboda jan waya, ta biyu ta fi yin haka. Motsa filogin a hankali tana kunne, in fitila ta ƙifta, shi ne. A buɗe, a narkar da ƙafafun uku a ƙara sabuwar dalma, aikin minti biyar. Na biyu, zafi. 7805 tana mayar da rarar wuta zafi ne, tana ɗaure jikin ƙarfen da ke sanyaya ta, in sukurun ya saki ko an ajiye na'urar kan katifa ko darduma a watan Afrilu, sai ta yanke don kare kanta. Ɗaura sukurun, ɗora ta kan tebur ko tayil. Na uku kondansa da suka kumbura ko suka yi yoyo, shekara talatin ba wasa ba. A canza da mai lamba ɗaya, volt ɗin na iya fi amma kada ya gaza, kuma a kula da gefen negatif.

Masu batirin sola su ji wannan da kyau. Za ta tashi da 12, amma cikakken batiri yana haura 13, wato regilata na ƙone volt 8 a banza maimakon 4 ko 5. A sa ƙaramin allon rage wuta a tsakani, a saita shi kan 9. Kuma in kuran ya ɗauke a zare adafta daga bango, dawowarsa ce ke da haɗari.

Alhaji Mai Tele:
Akwai abin da ake kawowa gyara wanda ba ciwo ba ne. Mutum ya ga Sonic a waya yana gudu kamar iska, ya kunna tasa ya ga ya yi nauyi, kiɗan ma yana jan ƙafa, ga baƙin layi sama da ƙasa. Na'urar Turai ce mai 50 a daƙiƙa, wasan kuwa an gina shi kan 60, don haka gudun ya ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari. A Sonic 2 sun daidaita kiɗan, gudun dai yana nan yadda yake. Ni a ganina wanda zai shiga ruwan Labyrinth ma gara masa mai nauyin.

Jinkirin tsalle a tele falat shi ma ba laifin manet ba ne, wato abin riƙewa da ake dannawa a yi wasa. Tele ɗin ne ke tsayawa gyara hoton kafin ya nuna, ƙananan akwatunan da ke mayar da AV zuwa HDMI kuma suna ƙara nasu. A kunna yanayin wasa a menu in akwai. Tsohon tele mai ƙugu ya fi duka, in akwai shi a gida kada a sayar wa 'yan gwangwan.

Ƙanin Kowa:
Manet ɗin da sama da ƙasa suka daina amsawa fa, Alhaji?

Ɗan Zariya:
Bari in amsa wa Alhaji. Buɗe bayanta, za ka ga robobi masu baƙin ɗigo a ƙasa. Goge ɗigon da inda yake taɓawa a allo da alkol, kada a kankare. In bai dawo ba, waya ce ta karye a ciki, galibi daidai inda take fita daga manet, saboda naɗe ta da ake yi a jiki. Yanke santimita biyar, ka mayar da kowace waya inda take, ka ɗauki hoto kafin ka cire don launukan ba ɗaya ba ne a kowace manet. Duba kuma ƙafafu 9 na ramin na'urar ko ɗaya ta lanƙwashe.

Gwajin da ya fi sauƙi yana cikin Sonic 1 ɗin kansa. A allon take danna sama, ƙasa, hagu, dama, za ka ji ƙarar zobe, sai ka riƙe A ka danna Start, jerin matakai ya fito. In ya fito, ɓangarori huɗun da A da Start duk lafiya. Yana da amfani kuma tunda Sonic 1 ba ya ajiye inda ka tsaya, in kuran ya tafi sai ka koma matakinka ta nan. Sonic 3 yana ajiyewa, kuma ba batiri ne a cikinsa ba, don haka kada a fasa kaset neman batirin canzawa.

Wanda ya maƙale a kan gangar nan mai ja da fari a Carnival Night na Sonic 3, mataki na biyu, kuwa, manet ɗinsa lafiya lau. Ba tsalle ake yi ba. Tsaya a kanta, danna ƙasa lokacin da take sauka, sama lokacin da take hawa, har ta nutse sosai hanyar ƙasa ta bayyana.