Neman shawara: ta wace ƙofa ƴar jaridar Damagaram za ta samu horo a waje?

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena da malamaina. Shekara huɗu ke nan ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram, ina karanta labaru da Hausa, ina kuma fita ɗauko rahoto. Bak gare ni, wato shaidar gama sakandare, ban yi lisans (digirin farko na jami'a) ba, shekaruna 27. Faransancina ba laifi, Ingilishi kuwa iyakata gaisuwa. Sau biyu ina aika dosiye neman horo a ƙasar waje, ko amsa ban samu ba. Ina kuskuren yake?

Tsohon edita: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a duba dosiyen, a duba ƙofar da kika ƙwanƙwasa, don da yawa ana watsar da takardar mutum tun ba a karanta wasiƙarsa ba, saboda sharaɗi ɗaya da bai cika ba. Mastar da DW Akademie ke yi a Bonn ta Jamus sai mai lisans, kuma da Ingilishi ake karatun. Chevening, burs ɗin karatun mastar ta gwamnatin Ingila, ita ma lisans take nema, da aikin shekara biyu. Humphrey ta Amurka, horon wata goma ce, tana son lisans da aikin shekara biyar. Cibiyar Reuters da ke Oxford ita ma shekara biyar na aiki take tambaya. Waɗannan duka ki ajiye su gefe tukuna.

Da bak ɗinki, hanyar dogon karatu ita ce makarantun aikin jarida: ESSCOM (tsohuwar IFTIC) a Yamai, CESTI a jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar wadda ke horar da ƴan jarida tun 1965, ko ESSTIC a Yawunde. CESTI da konkur ake shigarta, kuma rubutun Faransanci da sanin abin da duniya ke ciki su ne ke kayar da mutane. Amma abin da ya fi kusa da hannunki shi ne gajeren horo na kwana biyar zuwa mako biyu. Nan aiki ake dubawa fiye da diflom. Ki riƙa bin sanarwar CENOZO da ke Wagadugu, masu horo kan binciken ƙwaƙwaf, da Africa Check mai ofishi a Dakar, masu koyar da tantance labari. A gida kuma akwai Studio Kalangou a Yamai, da ke aiki da gidajen rediyon jihohi tun 2016. Takardar shaidar horo biyu daga irin waɗannan wurare tana ƙara wa dosiye nauyi ƙwarai.

Mai horar da ƴan rahoto: Malam ya gama magana kan ƙofa, ni kan abin da ke cikin dosiyen zan tsaya. Kuskuren ƴan rediyonmu na Hausa ɗaya ne: su aika shiri na minti talatin, ba fassara, ba kwanan wata. Mai tantancewa ba ya jin Hausa, kuma dosiye da yawa ne gabansa. Ki zaɓi rahoto uku, kowanne minti biyu zuwa huɗu, waɗanda ke da muryar mutane daga wurin da abin ya faru, ba karatun sanarwa cikin sitidiyo ba. Kowanne ki rubuta masa fassarar Faransanci cikakkiya, ki sa ranar da aka watsa shi da sunan shirin. Ki ɗora su a intanet, sannan ki gwada buɗe adireshin a wayar wani. Sau da yawa fayil ɗin a kulle yake, mai shi bai sani ba.

Wasiƙar neman gurbi kada ta wuce shafi ɗaya. Ki bar zancen cewa tun kina ƙarama kike son aikin jarida, kowa haka yake rubutawa. Ki faɗi aiki guda da kike son yi in kin dawo, da dabarar da kika rasa don yin sa. Damagaram ba ta rasa batu ba: matsalar ruwan sha da ta daɗe tana addabar gari, matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 da zamanta da ƙauyukan kewaye, cinikin iyaka ta Magarya da Matamaye, farashin hatsi a kasuwar Dole. Ki ce, misali, kina son koyon karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukuma don shirya rahoto shida kan kuɗin ruwa. Wannan shi ke tsayawa a ran mai karatu.

Sai takardar shugaban gidan rediyonku. Lalle ta fito fili ta ce an ba ki izinin tafiya na tsawon kwanakin, kuma aikinki na jiran ki. Ta zo da sa hannu da hatimi.

Mai tambaya: Na gode Malama. To fasfo fa, sai an ɗauke ni zan nema?

Wakilin wata jarida: A'a ƴar'uwa, yanzu za ki nema. Gayyata kan zo saura mako uku ko huɗu a fara, kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. Ki tabbata fasfon na da sauran wata shida aƙalla. Kofen bak da takardar haihuwa ki kai meri a buga musu hatimi, ki yi kofe uku uku. Kaziye, wato takardar shaidar rashin laifi daga kotu, wata uku kawai yake aiki, don haka shi ne na ƙarshe da za ki ɗauko. Katin rigakafin cutar shawara ma ki riƙe shi, ana tambayarsa a filayen jirgi da yawa na Afirka.

In Turai ce, bizar Shengen yuro 90 ce, kuma sai da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, saboda haka ki tambayi masu gayyata tun ranar farko a wane ofishi za ki ajiye takardu, kuma wa zai biya kuɗin zuwa can. Ki nemi su rubuta miki abin da suka ɗauka: jirgi, masauki, abinci, biza. Wasu sai kin biya da kuɗinki su mayar miki daga baya. Wanda kuwa ya ce ki tura masa kuɗin rajista ta waya kafin ya ba ki burs, ɗan damfara ne.

Malamin jami'a: Ɗiyata, ki yi lissafi da shekarunki. Burs ɗin gwamnatin Turkiyya, da ake cikewa tsakanin Janairu da Fabrairu, yana son mai neman lisans ya kasance ƙasa da shekara 21, mai neman mastar ƙasa da 30. Lisans shekara uku ne, ke kuma 27 gare ki, to wannan ƙofar za ta rufe kafin ki iso. Chevening ba ta da iyakar shekaru, ita ce ta cancanci ki yi wa tanadi. Ki yi rajistar lisans bana, ko da na yamma ne, ki haɗa da awa ɗaya ta Ingilishi kullum. Jarrabawar Ingilishi ta IELTS ko TOEFL kuma kada ki yi gaggawar biyanta, sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki. Ki bari sai kin shiga shekarar ƙarshe ta lisans.