Mota mai otomatik na zabura da kanta: mi ka kawo shi?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga makanikai da masu wayarin na wanga zaure. Camry ce ƙirar 2008, otomatik, 'yar Kwatano. Abu biyu take yi. Ko inji ya yi zafi allurar rezin, mai nuna saurin juyawar inji, ba ta saukowa ƙasa da 1,300, in an sa ta a D sai ta yunƙura, sai an danne birki sosai. Na biyu, a hanyar Boɗinga an taka totur don wuce tirela, an ɗage ƙafa, amma ta ci gaba da gudu na 'yan daƙiƙoƙi kafin ta lafa. An ce a canza birenbos, wato kwamfutar motar. Kafin a kashe wannan kuɗin, mi kuka gani?

Mai Wayarin Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa birenbos tukuna. Cuta biyu ka lissafa, kuma ba lalle tushensu ɗaya ba.

Ta farko silo ne ya yi yawa, wato juyawar inji sa'ad da ba a taka totur ba. Injin da ya yi zafi ya kamata ya zauna tsakanin 600 da 800. Da sanyin safiya ya kan hau 1,200 ko fiye na 'yan mintuna, kuma in an kunna esi ya kan ɗan ƙaru, wannan ba laifi ba ne. Amma ya tsaya a 1,300 bayan ya yi zafi, iska ce ke shiga fiye da ƙima. A fara da tiyo-tiyon roba da ke bayan bakin totur da gasket ɗin manifol, bututun da ke raba wa inji iska. Zafin Sakkwato na watan Afrilu ba ya barin roba da rai: tana bushewa ta tsage, ka ji wani siririn "tsiii" in ka kasa kunne bonet a buɗe.

Sai bakin totur ɗin kansa. Ƙurar hunturu na haɗuwa da tururin baƙin mai su yi daƙwale a gefen faifan da ke buɗewa da rufewa. Kwamfutar motar na saba wa wannan dattin, tana ƙara buɗe faifan kaɗan-kaɗan. Ranar da aka wanke shi tas ba a sake koya mata silo ba, sai rezin ya tashi. Ka tambaya ko an wanke shi kwanan nan. Kuma a hana yaran gareji tura faifan da yatsa da ƙarfi, ƙaramin injin lantarki ne ke juya shi da haƙoran roba.

Silo mai yawa zai sa mota ta yunƙura a fakin ko a cunkoson Tsohuwar Kasuwa, amma ba zai riƙe ta da gudu a babbar hanya ba. Ta biyun ƙarƙashin ƙafar direba za a neme ta.

Baba Makanike:
Gaskiya ka faɗi. Ɗana, durƙusa da tocila ka leƙa wurin ƙafar direba, ka ƙirga kafet nawa ke nan. Mutanenmu kan bar na kamfani, su ɗora na roba mai kauri a kai saboda rairayi, wani ma ya ƙara da guntun darduma. Na saman ba shi da ƙugiya, kullum diddige na tura shi gaba. Ranar da anka taka totur har ƙasa, kamar wurin wuce tirela, bakin fedar sai ya maƙale a gefen robar. Abin da ka kwatanta ke nan sak.

Kuma wagga mota tana da tarihi. A watan Agustan 2009 wata Lexus ES350, ƙirar kamfanin Toyota, ta kashe mutum huɗu kusa da San Diego a Amurka, kafet ɗin wata mota daban ne anka shimfiɗa mata ya riƙe totur. Toyota ta janye miliyoyin motoci don gyara a kan kafet, sannan a Janairun 2010 ta sake janye kamar miliyan 2.3 a kan feda mai nauyin dawowa. Camry 2007 zuwa 2010 na ciki. Cikin fedar akwai wani ɗan abin roba da ke ba ta tauri, in ya ci kuma laima ta shige shi sai ya riƙa kamawa. Gyaran da sunka yi shi ne cusa ɗan guntun ƙarfe a ciki, a na kafet kuma sunka rage tsawon fedar. Ba kowace 'yar Kwatano ce ta samu wanga gyara kafin a loda ta jirgi ba. Duba lambar shasi mai harafi 17: in ta fara da J, a Japan anka ƙera ta, fedarta ba ta cikin masu kamawa. In da 4 ta fara, ta Amurka ce, a sa lambar a shafin Toyota a ga ko an gyara.

Gwaji mai sauƙi: inji a kashe, ka danna fedar da hannu har ƙasa ka saki sau goma. Ta dawo da ƙarfi, tas. In tana jan jiki ko tana tsayawa a rabi, a canza ta gaba ɗaya, kada a feshe ta da mai.

Masu tsofaffin motoci na waya, irin Camry ta kafin 2002, ku duba wayar totur ko ta fara tsinkewa cikin rigarta, da sifirin da ke mai da shi, da kujerar inji. In kujerar ta yage inji na ɗagawa ya ja wayar da kansa.

Malama Mai Koyar da Tuƙi:
Baba, a yi mini afuwa, akwai sanadin da ba wanda ke son a ambata, kuma shi ya fi yawa: ƙafa ta taka totur, direba na rantsuwa birki ya taka. Ba ƙarya yake yi ba. Ya juya yana ribas, jikinsa ya karkace, ƙafa ta kauce da 'yan yatsu huɗu, mota ta zabura, sai ya ƙara dannewa don a ransa birki ne. Silifas mai santsi, lafaya ko babbar riga da ta naɗe feda, tuƙi da ƙafa biyu, gorar ruwa da ta gangara ƙarƙashin birki, duk suna taimakawa. Binciken hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka na 1989 kan Audi 5000 nan ya tsaya, kuma tun zamanin ne motoci suka fara ƙin fita daga P sai an taka birki.

Ko mene ne sanadin, in ta faru: ɗaga ƙafa gaba ɗaya ka sake neman birki. Taka shi sau ɗaya da dukan ƙarfinka, ka riƙe. Kada ka yi famfo. In totur na buɗe inji ba ya ba abin da ke ƙara wa birki ƙarfi iskar da yake taimaka maka da ita, taka biyu ko uku ta ƙare, feda ta zama dutse. Tura giya zuwa N, daga D ba ta ma buƙatar danna maɓalli a yawancin motoci. Inji zai yi ruri, ƙyale shi, kwamfuta na yanke mai kafin ya fashe. Ka gangara gefe, ka tsaya, sannan ka kashe. In N ta ƙi, murɗa makulli taki ɗaya kawai, kada ka zare shi. Toyota mai maɓallin tayarwa a danne shi a riƙe na 'yan daƙiƙoƙi in ana tafiya, kuma sitiyari zai yi nauyi.

Injiniya Arkilla:
Malama, ban wanke lantarki kwata-kwata ba. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta duba a 2011 ba ta samu laifin lantarki da ke buɗe totur sosai ba, amma a 2013 wata kotu a Oklahoma ta ɗora wa Toyota alhaki a kan Camry 2005 bayan shaidar masana kan manhajarta. Abu ne mai wuya dai. Fedar tana da sensa biyu, bakin totur biyu. In suka saɓa wa juna kwamfuta na rage ƙarfin inji ne, ta kunna fitilar cek. Don haka a sa sikana, na'urar da ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota: P2138 saɓanin sensar feda, P2135 na bakin totur, P2111 faifan ya maƙale a buɗe, P0507 silo ya wuce ƙima. A duba soket ɗin feda ko ya yi kore, motocin da ambaliya ta ci a can ana kawo su nan. Duk wayar da aka murɗa aka naɗe da leda a wannan layin, a sake ta.

Masu Hilux na dizal, naku daban ne. In tobo na zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, ko an cika mai fiye da alama, inji na iya fara shan mansa. Makulli ba ya kashe shi, sai an toshe masa iska da katako, ba da tafin hannu ba.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri. An leƙa: kafet biyu ne, na saman ya hau har gindin feda. Lambar shasi da 4 ta fara. An kuma wanke bakin totur makon jiya.

Baba Makanike:
To cire na saman yanzu, ka maƙala na kamfani a ƙugiyoyinsa biyu. Silo kuma a cire kan batir na 'yan mintuna, a mayar, a bar inji ya yi zafi yana silo ba esi ba fitila, sannan a ɗan zaga da ita. In bai sauko ƙasa da 900 ba, koma kan tiyo. Gwajin fedar nan da hannu, yi shi kafin ta sake hawa hanyar Boɗinga.