Mara lafiya ba ya iya magana, dangi sun cika bakin gado: wa ake yi wa bayani?

Sista, ɗakin maza, Jos:
Assalamu alaikum. Ina so ma'aikatan lafiya su kawo yadda suke yi a wurarensu. Dattijo ya samu shanyewar ɓarin jiki, baki ya tafi. Ga uwargida, ga amarya, ga babban ɗa da ya biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa, ga ƙanin dattijon yana cewa shi ne babba a gida. Kowa na neman sakamako. Wa ake faɗa wa?

Likita, sashen cututtukan manya:
Sista, a fara tabbatar da cewa dattijon da gaske ba zai iya yanke shawara ba. Rashin magana daban, gushewar hankali daban. Da yawa daga masu shanyewar ɓarin dama suna fahimtar abin da ake faɗa, furtawa ce ta gagara. Abu huɗu ake dubawa: ya gane bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya auna amfani da illa, ya nuna zaɓinsa ko da da gyaɗa kai ne ko matsa hannu. A auna suga da zafin jiki tukuna, domin faɗuwar suga da ciwon mafitsara kan rikita tsoho, kuma da magani yake dawowa daidai. A gwada shi da safe, rikicewar tsofaffi ta fi tsananta da yamma. A nan Jos kuma a kula da harshe: tsohon da Birom ko Tarok ne a bakinsa, in aka yi masa tambaya da Turanci ya yi shiru, sai a rubuta cewa ba ya ganewa. In zai iya nuni, shi za a tambaya wa yake so a yi wa bayani, magana ta ƙare.

Barista:
Likita ya kama bakin zaren. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce bayanin mara lafiya sirri ne. Ana fitar da shi da rubutaccen izininsa, ko bisa umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Wanda ba zai iya ba da izini ba, mai kula da shi ko wakilinsa ke nema. Sashen bai jera wanda ke gaba da wani cikin dangi ba, nan rikicin yake. Biyan kuɗin asibiti ba ya mai da mutum wakili. Mai biya yana da haƙƙin ganin rasit, ba abin da ke cikin folda ba.

Hajiya, ofishin walwalar marasa lafiya:
Abin da ke aiki shi ne a tara su zama ɗaya, a ofis ba a baranda ba, su fitar da mutum ɗaya da mataimakinsa. A rubuta sunayensu, dangantakarsu da lambar waya a folda, su sa hannu. Ni dai na fi son a saka wadda ke kwana da shi cikin biyun, don ita ta san magungunansa da abin da yakan ce, ko da maza ba su so. Waya kuwa a'a. Kowa na iya bugowa ya ce shi ɗa ne daga Abuja. Haka barin a ɗauki hoton takardar gwaji: kafin la'asar ta shiga zauren WhatsApp na dangi. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsananin kariya.

Malam, mai ba da shawara a sashen gwajin jini:
Ƙari kan maganar Hajiya: wakili ma ba a buɗe masa komai. In shawarar ta saka bututun abinci ta hanci ce, a gaya masa dalili, haɗarin shaƙewa in an ci gaba da ɗura kunu ta baki, da abin da zai biyo baya in an ƙi. Tsohon tarihin da bai shafi wannan ba ya zauna a folda. Mai wuya shi ne wanda ke shan maganin HIV a ɓoye. Maganin ba ya son tsallake, dole wani ya riƙa ba shi. Babban likita ke zaɓar mutum ɗaya da za a sanar, a keɓe, a rubuta dalili. Tarin fuka kuwa 'yan gida na bukatar sani domin su ma a gwada su.

Likita:
A gaggawa ba a jiran sa hannun kowa, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya hana ƙin ba da taimakon gaggawa. Sannan tambayar da ake yi wa wakili ita ce me Baba zai zaɓa da yana iya magana, ba me kai kake so ba. A riƙa sake gwada shi a kowane zagayen safe. Ranar da ya dawo hayyacinsa wakilci ya faɗi, a gaya masa wa aka sanar da me, a tambaye shi ko a ci gaba.