Shin aikin hoto a jaridar ɗalibai yana koyar da sana'ar da gaske?

Ɗalibar Aji Biyu:

Assalamu alaikum. Ina karatun aikin jarida a wata jami'a a Arewa, kuma editan jaridar da ɗaliban sashenmu suke fitarwa ya nemi in riƙa ɗaukar musu hotuna, saboda ya ga waɗanda nake sakawa a Instagram. Babu albashi, kyamarar sashen guda ɗaya ce ana karɓa-karɓa, yawancin aikin kuma da wayata zan yi shi. Ina son in ji daga waɗanda suka riga mu a wannan fage ko irin wannan aiki yana gina mutum har ya zama mai ɗaukar hoton jarida, ko kuwa gara in ba da lokacina ga hotunan biki, inda aƙalla ake samun na kashewa. Idan kuma na karɓa, me ya kamata in fi mayar da hankali a kai?

Tsohon Editan Hotuna:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ki karɓi aikin. A wurin biki mai biki ne ke biya, don haka aikinki shi ne ki sa kowa ya yi kyau, amma a jarida mai karatu kike wa aiki, kuma shi abin da ya faru yake nema. Jaridar ɗalibai ce wuri mafi sauƙi da za ki saba da wa'adi da kuma edita mai mayar miki da hoto ya ce bai wadatar ba.

Abin da na fi so ki koya shi ne rubuta bayanin ƙasan hoto, domin a nan yawancin sababbin hannu suke faɗuwa. Idan kin ɗauki ɗalibai a layin ɗiban ruwa ko a rumfar zaɓen ƙungiyar ɗalibai, kada ki bar wurin sai kin ƙarasa gare su, kin gaishe su, kin rubuta sunan kowa da sashensa da ajinsa, sannan kin nuna masa takardar ya tabbatar da rubutun, tunda wani Muhammad yake rubutawa, wani Mohammed. Hoton da ba a san wane ne a ciki ba, ko ina, ko yaushe, edita ba zai iya amfani da shi ba komai kyansa. Haka kuma ki riƙa zuwa taro da wuri, ki jira har manyan baƙi su tashi, saboda hoton babban tebur kowa yana da shi.

Mai Kyamara daga Zariya:

Na yarda da Malam, sai dai ban ga dalilin barin hotunan biki ba. Da kuɗinsu yawancinmu muka sayi kyamarar farko, kuma a can ake koyon aiki cikin cunkoso da ƙarancin haske. Ki haɗa biyun, muddin ba ki ɗauko ɗabi'ar jera mutane daga can ba.

Game da waya, kada ki riƙa jawo hoto da yatsa, domin yana farfasa shi. Ki matsa kusa da ƙafarki. Ki nemi kyamarar sashe a ranar wasan ƙwallo, ki sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba 'yan wasan za su fito dishi-dishi. Idan za ki tura wa edita ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil, saboda turawar da aka saba tana matse hoton ta rage masa inganci, kuma ki adana na asali a wuri biyu.

Malama a Sashen Jarida:

Ƙanwata, akwai iyaka guda da ya kamata ki sani tun yanzu. An yarda ki gyara haske ko ki yanke gefen hoto, amma ba a yarda ki cire wani abu ko ki ƙara ba, haka nan ba a yarda ki sa mutum ya maimaita abin da ya yi don kin makara ba. A 2003 jaridar Los Angeles Times ta kori mai ɗaukar hotonta Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka kusa da Basra a Iraƙi ya mayar da su ɗaya, a 2015 kuma gasar World Press Photo ta fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen dab da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce kima.

Shawarata ta biyu ita ce ki zaɓi batu ɗaya ki bi shi tsawon zango, ba taruka kaɗai ba. Mai ɗaukar hoto Fati Abubakar ta yi suna da jerin hotunanta na Bits of Borno ne domin ta dage tana ɗaukar rayuwar yau da kullum a Maiduguri a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai ta'adi. A cikin jami'a ma akwai masu sayar da abinci da masu shagon kwafin takardu, waɗanda kasuwarsu ta tsaya cak a yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022. Jerin hotuna goma sha biyu masu bayani a kan mutum ɗaya daga cikinsu ya fi ɗari na taruka nauyi ranar da za ki nemi gurbin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a gidan jarida.

Ɗalibar Aji Biyu:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya, Malama: idan ɗalibai suka yi zanga-zanga, ya zan yi da fuskokinsu?

Malama a Sashen Jarida:

Ki ɗauka, domin labari ne, amma ki tuna cewa fuskar da ta fito a jarida tana iya kai mai ita gaban kwamitin ladabtarwa. Ki zauna da editanki da malamin da ke kula da jaridar tun kafin ranar, ku tsayar da irin hoton da za a buga, da kuma wanda zai amsa idan wani jami'i ya nemi a ba shi sauran hotunan da ke wayarki.