Zan iya tafiya da bindigata daga Texas zuwa New York a mota?

Ɗan Houston:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da girin kad, wato takardar zaman dindindin a Amurka, na kuma sayi ƙaramar bindiga a Texas bisa ƙa'ida, har da lasisin yawo da ita na jihar. Zan je Bronx da ke birnin New York wajen 'yan'uwa na mako biyu a mota. An ce akwai dokar tarayya da ta yarda mutum ya ratsa kowace jiha da bindigarsa. Gaskiya ne?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Dokar tana nan, ta 1986 ce, sashe na 926A, amma ba za ta fishe ka ba. Sharaɗinta na farko shi ne bindigar ta halatta a gare ka a inda ka taso da kuma inda za ka sauka. New York ba ta karɓar lasisin wata jiha ko ɗaya, kuma a can ajiye ƙaramar bindiga a gida ma sai da lasisinsu. Birnin New York kuwa nasa lasisin daban ne, 'yan sandan birnin ke bayarwa. Tunda Bronx ce masaukinka, kariyar ta faɗi tun ba ka tada mota ba.

Idan aka kama ka da ita da harsashi a inda hannunka zai kai, babban laifi ne da mafi ƙarancin hukuncinsa shekara uku da rabi a gidan yari. Ka bar ta a gida a kulle, ɗan'uwa.

Hajiya Lami:
Malam Sabo ya gama magana kan New York. Abin da ya fi damuna shi ne girin kad ɗin nan. A dokar shige da fice, duk wanda ba ɗan ƙasa ba da kotu ta same shi da laifin da ya shafi bindiga, ana iya korar shi daga Amurka bayan ya gama zaman kaso. Ba-Amurke zai fito ya koma gidansa, kai kuwa sai jirgi.

Masu bizar karatu ko ta ziyara da ke karanta wannan kuma su sani, su dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga ko harsashi gaba ɗaya, sai 'yan keɓance-keɓance kamar mallakar lasisin farauta mai aiki.

Ɗan Houston:
To da Pennsylvania kawai zan tsaya fa?

Injiniya Bature:
Nan lissafi ya sauya, amma hanya sai an bi ta jiha-jiha. Wanda ya bi babbar hanyar I-81 zai ɗan ratsa Maryland, tafiyar wajen mil 12, kuma Maryland ba ta san lasisin Texas ba. Kafin ka kai iyakar, ka tsaya ka cire gidan harsashi, ka duba babu ko ɗaya a cikin bindigar, ka sa ta a but ɗin mota tare da harsasan. Motar da ba ta da but a ware, sai akwati mai makulli. Aljihun gaban mota da na tsakanin kujeru ba sa cikin lissafi, dokar ta ambace su da suna.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne kwana. Kariyar ta mai wucewa ce. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa matafiyin da jirgi ya tsere masa a Newark da ke New Jersey, ya ɗauki jakarsa ya kwana a otal, ya fita daga inuwar dokar, domin bindigar ta dawo hannunsa. Shan mai da zuwa bayan gida kawai, sai ka wuce.

Kada kuma GPS ta karkatar da kai New Jersey. Can gidan harsashin da ya wuce guda 10 haramun ne, alhali bindigar Glock 19 da ake sayarwa a Texas da mai cin 15 take zuwa. Kafin tafiya ka buɗe shafin babban lauyan gwamnatin kowace jiha ko na 'yan sandanta ka duba jerin lasisin da suke karɓa, domin jerin yana canzawa.