Ina neman shawara: McLuhan da Ingila ta ƙarni na 12

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a tarihi, bincikena kan yadda rubutu ya shiga harkar mulki a Ingila bayan 1066. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na ɗora shi a kan ra'ayin masana kafafen sadarwa, ya ambaci Marshall McLuhan. Na karanta littafinsa na 1962 kan Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai, amma hankalinsa na kan injin ɗab'i ne, ni kuwa mutanena sun riga injin da shekara ɗari uku. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ta ina zan kama?

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki damu. Abin da masana tarihin wancan zamani suka ɗauka wurin McLuhan tambaya ce: shin abin da ke ɗauke da saƙo, baki ne ko fatar da ake rubutu a kai ko takarda, yana sauya tunanin mutane? Nemi aikin Michael Clanchy na 1979, wanda ya bi Ingila daga 1066 zuwa 1307. Ya nuna an daɗe mutane ba su yarda da rubutu ba. Idan an ba da kyautar fili, sai a miƙa wuƙa a gaban shaidu, wani lokaci har a ɗaura ta a jikin takardar, don ita ido ya gani, ita za a tuna. Har kakin hatimi da fadar Sarki Henry na Uku ke kashewa ya bibiya, don ya gane yadda wasiƙu suka yawaita. Wannan wurin ni yana burge ni ƙwarai.

Wata 'yar'uwa:
Ki haɗa da littafin Walter Ong na 1982, amma ki yi hattara. Ya raba duniyar baka da ta rubutu kamar an ja layi. Mu da muka yi makarantar allo mun san ba haka ba ne: ka rubuta, ka biya da ƙarfi, ka haddace, sannan ka wanke. A Turai ta da ma galibi a bayyane ake karatu. Paul Saenger ya danganta yaɗuwar karatu a zuci da barin tazara tsakanin kalmomi, al'adar da marubutan Ayalan suka fara yaɗawa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Malam, ke ma Yaya na gode. Da labarin wuƙar nan zan buɗe babi na farko. Gobe in sha Allahu zan duba ko ɗakin karatunmu na da Clanchy.