Wa ya tuna tsofaffin gidajen giya na Jos da Bukuru?

Jikan leburan kuza:
Jama'a barkanmu da war haka. Satin da ya wuce na je Bukuru jana'izar gwaggona, da aka gama sai na ce bari in taka wajen Kugiya in duba wani gidan burkutu da kakana ke zama, inda kakata ke aikena in kira shi in tuwo ya sauka. Wallahi sau uku ina zagayawa ban gane wurin ba sai da wata tsohuwa mai gawayi ta nuna min, ashe shagon siminti ne yanzu, mangwaron da ake jera benci a gindinsa ma an sare. Abin ya tsaya min a rai. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Ngas neman aikin kuza, kuma da bakinsa ya ce min a gindin mangwaron nan ya koyi Hausa. Don Allah duk wanda ya san irin wuraren nan ya ba mu abin da ya gani da idonsa, masu labarin suna ta ƙarewa.

Tsohon ɗan reluwe:
Yarona ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Abin da ya kamata ku yara ku sani, wurin shan giya a garin nan hawa-hawa ne tun zamanin Turawa. Su Turawan kuza da na gwamnati suna da kulob ɗinsu, Plateau Club tun 1921, ga Yelwa Club a Bukuru, sai otal ɗin Hill Station da aka buɗe a 1938. Baƙar fata in ka gan shi a ciki to kuku ne ko boyi. Babana boyi ne a ɗaya daga cikinsu, farar riga da farin wando, kullum da tsumma a kafaɗa yana goge kofunan gilas, kuma duk shekarun da ya yi yana zuba wa Bature wuski bai taɓa zama a kujerar wurin ba ko sau ɗaya. Dama dokar lokacin ta hana a sayar wa ɗan ƙasa giya mai ƙarfi ta Turawa a Arewa, to lebura me zai sha, sai burkutu da pito. Kuma ka tuna ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya tun 1914, babban ya zo ta Kafanchan a 1927, mutane suka yi ta kwararowa, Hausawa, Ibo, Yarbawa, Urhobo, Tibi, ga Birom masu ƙasa, duk barikin kuza da ka sani, Barkin Ladi, Bisichi, Dorowa, akwai matan da ke dafawa a bayan bariki. Ni da na kama aiki na karɓi albashina na farko, naira ba ta daɗe da fitowa ba, na ɗauki babana muka je irin wurin da ya yi wa bauta na saya masa Star guda ɗaya. Bai sha rabi ba, hularsa na kan gwiwa, yana ta kallon yaron da ke sabis.

Ɗiyar mai dafawa:
Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Ni a cikin hayaƙin abin na girma, mamana ta yi shekaru tana dafa burkutu a Kabong wajen Gada Biyu. Masu sha ba su san wahalar ba fa, kusan sati guda ake yi kafin ƙwarya ɗaya ta kai bakin mutum. Za a jiƙa dawa ta kwana, a tsame a baza a ɗaki a rufe da buhu ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta yi tsiro, a shanya, a kai inji, a dama a ɗora a wuta, a sauke ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, sannan a zuba ɗan na jiya a ciki don ya tashi. Da asuba cikin sanyin Disamban Jos ɗin nan da ke fasa leɓe mu ne ɗiban ruwa mu ne tura itace a ƙarƙashin duro, idonka na hawaye kana juyawa da muciya wadda ta fi ka tsawo. In ya tashi za ka ji randa na ƙara shuuu kamar ana yayyafi a kan kwano. Kuma ba ya ajiyuwa, in bai ƙare yau da gobe ba asara ce, shi ya sa matan layinmu suka raba kwanaki, mamana Laraba da Asabar, maƙwabciyarmu Talata da Juma'a, ba mai shiga ranar wata. Duk wanda ya zo sai an fara ɗiba masa ɗanɗano a ƙaramin ƙoƙo kyauta kafin ya ce a zuba. Dusar kuma ta aladu ce, ba abin da ake zubarwa. Da kuɗin nan ta biya mana makaranta mu biyar, ni yau malamar asibiti ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin sana'ar uwata ba.

Ɗan mai tsire:
Salamu alaikum. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai giya bakina ba kuma addinina ya haramta, amma ina da abin faɗa a nan. Mahaifina Allah ya jiƙansa ya yi sama da shekara ashirin da tukubarsa a ƙofar wata mashaya a West of Mines, bai taɓa tsallaka dokin ƙofar ba, in an yi oda ni nake miƙa wa yaran gidan ta taga. A kan akwatin kwalaben Rock nake zama ina yanka albasa, giyar da ake yi a nan Jos ɗin ce kowa ke sha lokacin. Mai wurin wata mata ce Ibo, Madam kawai muke ce mata, ita ke ajiye wa babana cinikinsa in dare ya yi don kar a tare mu a hanya, da safe ya zo ya karɓa ko kwabo bai taɓa ɓata ba. In lokacin isha'i ya yi ita da kanta take cewa a rage kiɗa Malam zai yi sallah a bayan shago. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 mun fito da nama da wuri, gari ya rikice, matar nan ta tura mu cikin sito ta jera akwatuna a bakin ƙofa ta kulle, kwana biyu tana miƙo mana burodi da ruwa har aka samu sojoji suka fitar da mu. Ranar ce kaɗai babana ya shiga gidan giya a rayuwarsa. Bayan nan ba mu sake kafa tukuba a can ba, kowa ya koma ɓangarensa, aka yi rikicin 2008 aka yi na 2010, har ya rasu yana cewa in nemo masa Madam ya yi mata godiya yadda ya kamata, na je na tarar wai ta koma garinsu.

Na Anglo Jos:
Ku yi haƙuri ni dai ba zan iya yabon wuraren nan ba. Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985 aka sallami babanmu daga aiki, ɗan abin da aka ba shi a gidan burkutu ya ƙare. Ina gani da idona bangon gidan da zane-zanen gawayi, kowane layi ƙwarya ɗaya ce ta bashi, layin babanmu ya fi na kowa tsawo, mamanmu ta sayar da keken ɗinkinta ta goge shi. Ni ne babba, a aji uku na sakandare na tsaya. Ba na ƙin a rubuta tarihi amma a rubuta har da wannan.

Ɗiyar mai dafawa:
Yaya gaskiyarka ne, kuma wallahi na ji zafin abin da ka faɗa. Mu ma akwai gawayi a bangonmu. Abin da zan iya cewa kawai, mamana in ta ga mutum ya kai layi goma ba ta ƙara masa, in matarsa ta zo ta yi kuka to shikenan an rufe masa, kuma yaro ba ya zama a bencinta. Ba duka ne suke haka ba na sani. Amma je ka duba goskolo, giyar nan mai ƙarfi ta haɗin gida da yaranmu ke sha yanzu a lungu, ba benci ba dattijo ba mai cewa ya isa, mu ne muke karɓarsu a asibiti ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa, wasu ba su kai talatin ba.

Tsohon ɗan reluwe:
Ɗan mai tsire, in tukubar babanka ita ce wadda ke kusa da mai gyaran agogo, dogo ne mai farin gemu yana saka ƙuli da yawa, to na ci tsirensa ba sau ɗaya ba, Allah ya jiƙansa. Akwai wani abokin aikina Ibo da ya san duk matan da suka riƙe mashaya a layin nan, yana nan da rai a Dadin Kowa, ranar Lahadi bayan coci zan je in tambaye shi garin su Madam.

Ɗan mai tsire:
Shi ne Baba, shi ne wallahi. Amin na gode. In kun samu ko sunan ƙauyen ne ku sanar da ni, zan shiga mota in je.